Ruwan Burtsatsen Kasuwa: Ƙa'idojin da Ke Sa Ya Zama Abin Sha

Zuwa ga 'yan kasuwa, masu sana'ar abinci, 'yan ga-ruwa da iyayen gida na garuruwan bakin iyaka.

Duk wanda ya saba cin kasuwar bakin iyaka ya san cewa kafin a buɗe rumfa ta farko an riga an yi layi a bakin famfo. Mai shayi na can da butarsa, mai fura da nono na jiran ruwan dama, mai tuwo ta aiko yara da bokitai, mahauci na son na wanke nama, ɗan ga-ruwa kuma ya jera jarkoki a kura. Sau da yawa dukkansu daga wuri ɗaya suke ɗiba: burtsatse guda, wanda a Nijar aka fi sani da foraji, da tanki a bisa ƙarfe, da 'yan famfuna kaɗan. Wannan ƙaramin tsari yana iya shayar da dubban mutane a yini ɗaya. Da la'asar kowa zai kama hanyar garinsu, wasu su nufi Nijar, wasu su nufi Nijeriya, kuma abin da suka sha yana cikinsu.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, ya fito garau, ba wari ba ɗanɗano, ya wadatar a matsayin ruwan sha. Haƙiƙa ruwan burtsatse ya fi na tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya aminci. Sai dai ido ba ya ganin ƙwayar cuta, harshe kuma ba ya jin yawancin gubar da ke narkewa a ruwa. Abin da ke tabbatar da lafiyar ruwa shi ne bin ƙa'ida: a kiyaye bakin rijiyar, a gwada ruwan, a sa masa magani, a rubuta abin da aka yi, a kuma nuna wa masu sha. Wannan takarda tana bayyana waɗannan ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, domin mai kula da famfo ya san aikinsa, mai saye kuma ya san abin da ya kamata ya tambaya.

Yadda ruwan ƙasa ke gurɓata

Ruwan sama idan ya sauka yakan nutse cikin ƙasa a hankali, yashi da yumɓu suna tace shi, har ya taru a wani zurfi. Daga nan burtsatse ke jawo shi. Muddin hanyar tacewar tana da tsawo, kuma ba a buɗe wa ƙazanta gajeriyar hanya ba, ruwan yakan iso da tsabta.

Gajeriyar hanyar kuwa mutane ne ke buɗe ta. Ta farko ita ce bakin rijiyar kanta. Lokacin haƙa, wajibi ne a cike ratar da ke tsakanin bututun rijiya da bangon rami da siminti daga sama, a kuma yi daɓe kewaye da bakin. In ba a yi ba, ko daɓen ya tsage, ruwan kwata da ke kwance a wurin zai bi jikin bututun ya gangara kai tsaye. Ta biyu ita ce masai. Ramin masai da ke kusa, musamman a ƙasa mai yashi ko a fadama inda ruwa ba shi da zurfi, yana tsiyayar da ƙazanta zuwa ruwan da ake sha. Ta uku ita ce tanki da bututun rarrabawa. Tankin da ba shi da murfi mazauni ne na tsuntsaye da ƙadangaru. Bututun da ya fashe a cikin lambatu yana fesar da ruwa lokacin da aka kunna inji, amma da zarar an kashe, sai ya tsotso ruwan lambatun zuwa ciki, gobe kuma shi ne zai fara fitowa a famfo.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta hannun mutum ba. Wasu duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna ɗauke da sinadarai irin su fulorayid da asenik, waɗanda ke narkewa cikin ruwa. Irin wannan ba ta da alaƙa da tsaftar mai famfo, kuma zurfin rijiya ba ya hana ta. Gwaji kaɗai ke tona ta.

Abin da yankinmu ya riga ya gani

A watan Yulin 2018 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓulla a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, daura da Jibiya ta jihar Katsina. Kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo da ƙarfi: Nijeriya ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Nijar ma ta samu dubbai. A 2017 ciwon hanta nau'in E, mai sa shawara, ya ɓarke a jihar Diffa, kuma mata masu juna biyu ne ya fi hallakawa. Waɗannan cututtuka, tare da taifot da atuni, hanyarsu ɗaya ce: bayan-gidan mai cutar ya shiga ruwa ko abinci, wani ya sha ko ya ci. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga Nijeriya, ya ratsa Nijar, ya sake komawa Nijeriya. Yadda ruwa ba ya tsayawa a shingen kwastan, haka cutar da ke binsa.

Darasi na biyu ya fito daga Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A can, ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara shayar da gari da ita a shekarun 1980 ya ƙunshi fulorayid ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke iya ɗauka. Ruwan garau yake, ba wanda ya ga aibinsa. Sai bayan shekaru aka lura haƙoran yara sun rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu sun lanƙwashe. Wannan nakasa ba ta warkewa da sauya ruwa bayan ta riga ta kama ƙashi. Da an auna sinadaran ruwan tun farko, an kuma ci gaba da aunawa, da an kauce wa mafi yawanta.

Ma'aunin da aka gindaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran ingancin ruwan sha wanda ƙasashe ke ɗora dokokinsu a kai, kuma a 2024 ta fitar da wani na musamman domin ƙananan tsare-tsaren ruwa irin na ƙauyuka da kasuwanni. A Nijar, Dokar Ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ce ke tsara yadda ake samar da ruwa da gudanar da shi. A karkara hukumar kwamin ce ke da alhakin famfunan jama'a, takan damƙa gudanarwa ga kwamiti ko ga ɗan kwangila, masu sha kuma suna da ƙungiyarsu. A Nijeriya akwai ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa da aka fitar a 2007, aka sabunta a 2015. Sunayen ofisoshi sun bambanta tsakanin ƙasashen biyu, amma manyan alƙaluman kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda ya kamata kowane kwamitin famfo ya haddace:

Ƙwayar cutar da ake kira Ikolai: kada a samu ko guda a cikin mililita 100 na ruwa. Wannan ƙwaya a hanjin mutum da na dabba take zaune, saboda haka ganinta shaida ce cewa kashi ya shiga ruwan, kuma inda ta bi, kwalara da taifot ma za su iya bi.

Fulorayid: kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, yawansa yana rina haƙori ya lalata ƙashi, yara ne kuma ya fi yi wa illa.

Naitiret: kada ya wuce miligiram 50 a lita. Yana fitowa daga masai, da turken dabbobi, da takin zamani. Haɗarinsa ya fi tsanani ga jariran da ake dama wa madarar gwangwani, domin yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓunansu su yi duhu.

Asenik da dalma: kowannensu kada ya wuce miligiram 0.01 a lita. Gubarsu a hankali take taruwa a jiki.

Gurɓacewar launi: ruwan ya kasance garau. Ana auna wannan da wani ma'auni na musamman, kuma ga ƙaramin tsari ana so kada ya haura 5, in ya yi ƙasa da 1 ya fi. Ruwa mai laka yana ɓoye ƙwayoyin cuta daga magani.

Ƙarfe kuwa, in ya haura miligiram 0.3 a lita, yakan sa ruwa ja da ɗanɗanon tsatsa, ya ɓata tufafi. Ba shi da haɗari sosai ga lafiya, illarsa ita ce yakan kori mutane su koma tafki, inda haɗarin gaske yake.

Zagayen ido: aikin kowane mako

Mafi arhar dukkan ƙa'idoji shi ne zagaye. Sau ɗaya a mako, gara ana gobe kasuwa, mutum biyu daga kwamiti su bi tsarin daga bakin rijiya har famfo na ƙarshe, suna dubawa suna rubutawa.

A bakin rijiya su duba ko murfin yana rufe gam, ko daɓen simintin ya tsage, ko ruwa na kwanciya a gefensa. Magudanar da ke kwashe ruwan da ya zube ta kai shi nesa, zuwa rami mai tsakuwa ko lambu. Shinge ya kasance a tsaye, domin awaki da jakuna ba su da abin yi a bakin rijiya. Wurin shayar da dabbobi a ware shi can gefe, a gangare.

Su auna tazarar masai mafi kusa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta suka saba bi ita ce aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance a gangaren rijiya, ba a samanta ba. Ƙasan ramin masai ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. A ƙasa mai yashi ko mai tsagaggen dutse, tazarar da ta fi haka ake buƙata. Wannan ƙa'ida ta shafi juji, da mayanka, da kara inda ake ɗaure dabbobi, da wurin zubar da baƙin mai, da marina. Kasuwa kullum girma take yi: filin da babu kowa lokacin da aka haƙa rijiya, bayan shekara biyar yana iya cika da rumfuna da bayan-gida. Saboda haka sarkin kasuwa kada ya ba da filin gini kusa da rijiya sai ya shawarci kwamiti da duba-gari.

A tanki su hau su leƙa: murfi na kulle, raga na kan bututun iska da na ambaliya, ba gansakuka a bango, ba laka a ƙasa. A wanke tanki da buroshi da ruwan kulorin aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina. Daga nan su bi layin bututu. Duk inda aka ga ƙasa ta jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ko ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani, akwai yoyo. A gyara shi da kayan gyara na sosai, ɗaurin roba ba ya hana ƙazanta shiga. A bakin famfo su tabbatar ba a liƙa tiyo yana jan ƙasa ba, domin tiyon da ke kwance a taɓo shi ne ke shiga bakin kowace jarka.

Gwaji: yaushe, kuma ta yaya

Gwaji iri biyu ne. Na sinadarai ana yin sa kafin a fara shayar da jama'a daga sabuwar rijiya, a sake shi lokaci-lokaci kamar yadda ofishin ruwa ya tsara, da kuma duk lokacin da ɗanɗano ko launin ruwa ya sauya. Ruwa ba ya tsami banza. Na ƙwayoyin cuta kuwa ya fi buƙatar maimaitawa, domin ruwan da ya tsira a watan Maris yana iya gurɓata a watan Agusta. Mafi ƙaranci shi ne sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar damina. Famfon da ke ciyar da kasuwa ya dace a gwada shi duk wata uku. Bugu da ƙari, a gwada bayan ambaliya, bayan an ciro injin rijiya an mayar, da lokacin da aka ji gudawa ta yawaita a unguwa.

Ɗaukar samfur aiki ne na wanda aka koya wa. Kwalbar daga ɗakin gwaji take zuwa a tsabtace, ba a zuba samfur a gorar lemo. Ana goge bakin famfo, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci, a cika kwalba ba tare da taɓa bakinta ba, a rubuta wuri da rana da sa'a, a sa a cikin kula mai ƙanƙara. Ana so ta isa ɗakin gwaji cikin sa'a 6, kada kuma ta wuce sa'a 24. A ɗauka daga wuri biyu aƙalla, bakin rijiya da famfo mafi nisa. In na bakin rijiya ya yi kyau na famfo ya ɓaci, an san laifin yana tanki ko bututu. Ofishin ruwa na jiha ko na gunduma, da jami'in tsafta na asibitin yanki, su ne za su nuna inda ake kai samfur.

Sakamako ya zo a rubuce, da kwanan wata da sa hannu. A liƙa kwafinsa a bakin famfo inda kowa zai gani, a kuma karanta shi a taron kwamiti domin waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Kulorin: mai gadin da ke bin ruwa har gida

Ko da ruwa ya fito da tsabta daga ƙasa, tafiyarsa ba ta ƙare ba. Zai zauna a tanki, ya bi bututu, ya shiga jarka, ya kwana a randa. Amfanin kulorin shi ne yana kashe ƙwayoyin cutar da ya tarar, sauransa kuma ya rage a cikin ruwan yana tsare shi daga waɗanda za su shigo daga baya. Wannan saura shi ake aunawa.

Ƙa'ida ita ce bayan minti 30 da zubawa a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita, a famfo mafi nisa kuma kada ya gaza 0.2. Lokacin annobar kwalara ana so kowane famfo ya ba da aƙalla 0.5, jami'an lafiya kuma suna iya umartar a kai shi 1. Abin aunawa ɗan ƙaramin akwatin roba ne: a zuba ruwa, a jefa ƙwaya, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada launinsa da ma'aunin da ke gefe. Aikin minti biyu ne, kuma kowace safiya ake yin sa.

Ga misalin lissafi. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, in aka narkar da giram 15 nasa a lita ɗaya ta ruwa, an samu haɗi mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari. Lita ɗaya ta wannan haɗi a cikin tanki mai lita 10,000 tana ba da miligiram 1 a kowace lita. Wani sashe ruwan zai cinye, musamman in yana da ƙarfe, saura shi ne abin da ma'auni zai nuna. Da yake kowace rijiya da halinta, jami'in tsafta ne zai tsayar da adadin farko, awon yau da kullum kuma ya nuna ko a ƙara ko a rage. Garin kulorin yana ƙuna: a ajiye shi a rufe cikin roba, a inuwa, nesa da yara da man fetur, kada a haɗa shi da wani sinadari, mai haɗawa ya sa safar hannu.

Masu shayi da masu fura sukan yi ƙorafin wari. In an sa daidai gwargwado warin kaɗan ne, kuma yakan ragu in ruwan ya ɗan zauna a rufaffen mazubi. Wari mai ƙarfi alama ce an zarce, sai a gaya wa mai famfo ya auna. Kada a roƙe shi ya daina sawa gaba ɗaya. A kuma sani cewa kulorin ba ya cire fulorayid ko naitiret ko asenik, aikinsa a kan ƙwayoyin cuta ne kawai.

Littafin famfo da asusunsa

Abin da ba a rubuta ba, gobe gardama zai zama. Kowane famfon jama'a ya kasance da littafi guda mai ɗauke da awon kulorin na kullum, da abin da zagayen mako ya gano, da ranar wankin tanki, da gyare-gyare, da sakamakon gwaji, da ƙorafin masu sha. Littafin nan kariya ne ga mai famfo na kirki: ranar da cuta ta ɓulla aka fara nuna yatsa, shi ne zai yi masa shaida.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwaji da kulorin da gyara duk kuɗi ne, kuma daga kuɗin jarka za su fito. Kwamiti ya ware wani kaso na cinikin kowace rana tun kafin a raba komai, a ajiye shi da sunan lafiyar ruwa, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, a kuma bayyana lissafi a bainar jama'a. Ya kamata a sa mata cikin kwamiti, a ba su muƙami na gaske, domin su ne ke ɗibar ruwa, su ne kuma ke fara ganin yaron da cikinsa ya ɓaci.

Daga famfo zuwa moɗa

Ruwa mai tsabta yakan lalace a 'yan takun ƙarshe. Ɗan ga-ruwa ya wanke jarkokinsa ciki da waje da sabulu, ya ɗauraye su da ruwan kulorin aƙalla sau ɗaya a mako, kowace ta kasance da murfinta. Toshe baki da leda ko tsumma ƙazanta ne. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ta haramta ga ruwan sha har abada. Ya kuma faɗi gaskiyar inda ya ɗebo, kada ya haɗa na famfo da na rijiyar gefen hanya don layi ya yi tsawo.

Masu ƙanƙara, da zoɓo, da kunun aya, da lamurje su tuna cewa sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. Ruwan da za a daskarar ko a dama abin sha da shi dole ya zama ruwan da aka sa wa magani ko aka tafasa. Mai abinci ta raba ruwan wanke kwano da na ɗauraya, ta riƙa sauya su, ta ajiye buta da sabulu domin a zuba wa mai ci ruwa a hannu, maimakon kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya. Ruwan wanke latas da tumatir da kabeji ya zama irin wanda za a iya sha.

A gida, randa ta kasance da murfi, a ɗora ta a kan abu, a wanke ta kafin a sake cikawa. Moɗa ta zama mai dogon mariƙi, a rataye ta, a ɗebo da ita a zuba a kofi, kada a kafa mata baki a mayar. In ana shakkar ruwa, a tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul sosai, a bar shi ya huce a rufe a tukunyarsa. Ko kuma a sa ƙwayar tsarkake ruwa bisa adadin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret ko fulorayid, ƙara kaurinsu ma take yi yayin da ruwa ke ƙonewa.

Idan sakamako ya fito ba daɗi

Ɓoyewa ita ce babban laifi. In an ga Ikolai, a sanar da jama'a a ranar, ta bakin mai shela da masallatai da majami'u da rediyon gari: kowa ya tafasa ruwa ko ya sa masa magani har sai an ba da wata sanarwa. A sanar da asibiti da ofishin ruwa. A nemo ƙofar da ƙazanta ta shigo a toshe, a wanke rijiya da tanki da bututu da kulorin mai ƙarfi a ƙarƙashin kulawar jami'i, a zubar da wannan ruwa, a sake gwaji. Sai sakamako ya yi kyau za a janye sanarwar. In kasuwar tana karɓar baƙi daga tsallaken iyaka, a aika wa jami'an lafiya na can labari, domin marasa lafiyar farko suna iya bayyana a wurinsu.

In matsalar ta sinadari ce, gyaran ya fi ƙarfin kwamiti. A daina ba yara da jarirai da masu juna biyu wannan ruwa, a bar shi ga wanki da wanka, a nemi ofishin ruwa ya duba ko za a haɗa shi da ruwan wata rijiya, ko a sa matata ta musamman, ko a sauya rijiya.

Wanda ya kamu da gudawa mai tsananin ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a ci gaba da ba shi a kan hanyar asibiti. In babu na fakiti, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jariri ya ci gaba da shan nono. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, saboda haka kada a jira gari ya waye, kada kuma a tsaya neman asibitin ƙasarku in na tsallake ya fi kusa.

Tambayoyi biyar da kuke da ikon yi

Ku da kuke biyan kuɗin jarka, haƙƙinku ne ku tambaya, kuma mai famfo na gari ba zai ji haushi ba. Yaushe aka gwada ruwan nan, ina kuma takardar? Nawa awon kulorin ya nuna yau da safe? Yaushe aka wanke tanki? Taku nawa ne tsakanin rijiya da masai mafi kusa? Wa za mu gaya wa in mun ga yoyo, ko ruwa ya sauya?

In an amsa muku duka biyar, ku biya kuɗinku da daɗin rai, ku kuma taya mai famfon tsare shingensa. In an kasa amsawa, ku kai maganar gaban sarkin kasuwa da kwamiti da jami'in tsafta, ku sa wa ruwanku magani a gida kafin a gyara. Ku ajiye wannan takarda a rumfa, ku karanta wa maƙwabcin da bai samu tasa ba, ku kuma tafi da ita taron kwamiti na gaba.